Saiwar Waken Hindatu

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin koyarwa ba, kuma ba don daɗinta ba. Darasin noma nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata kusa da Ƙofar Durbi (ni da ban taɓa yin awa guda riƙe da fartanya ba, duk nomana a littafi na yi shi).

Wata rana na ba 'yan aji biyu aikin gida, kowace ta zano saiwar wake. Duk suka kwafo ta littafi, doguwa miƙaƙƙiya kamar karas. Ban da Hindatu, wata yarinya shiru-shiru da iyayenta suka gudo birni bayan an ƙone ƙauyensu. Tata saiwar gajera ce, ta bazu gefe da gefe kamar tsohuwar tsintsiya.

Na ɗaga takardar sama. "Ku duba min nan! Wake ne wannan ko kan mahaukaciya?" Aji ya tuntsire da dariya. Na ba ta sifili, na ƙara da cewa ƙauyanci ba ya cin jarrabawa. (Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.) Ta ce a hankali, "Malam, haka namu yake." Na sa ta durƙusa har aka tashi.

Kwana uku ba ta zo ba. Ran na huɗu aka kira ni ofishin shugabar makaranta. Na tarar da wani dattijo a tsugune, ya ƙi kujera, kurar ruwan da yake turawa na bakin ƙofa. Mahaifinta ne, Malam Isiya. Bayan mun gaisa, ya kwance bakin buhu ya shimfiɗa tushen wake biyu a kan tebur, ƙasa na zuba a kan takardu. A wani kango ya shuka su, da ɗan irin da ya fito da shi a aljihu ranar gudu. Ɗaya saiwarsa doguwa. Ɗayan kuwa zanen Hindatu ne sak.

"Malam, duka wake ne," in ji shi. "Wanga na tudu ne, ƙasa yake nutsawa neman ruwa. Wanga na gefen fadama ne, bazuwa yake, ko ina ka kai shi halinshi ke nan. Wanne ne ya faɗi jarabawar?"

Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Ai Baba, a manhaja..." Shugabar ta cire tabarau ta dube ni. Gumi ya jiƙa min riga har gadon baya.

Dattijon ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. Gona ta tafi, wan Hindatu can muka rufe shi. Abin da ya rage wa ɗiyata na gida shi ta zana maka."

Na gyara makin. Na je har ɗakin da suke haya na ba da haƙuri, aka ce ba komai, har ruwa aka kawo min. Amma Hindatu ta ce ba za ta iya sake shiga ajin nan ba, kuma ba ta shiga ba.

Yanzu in ɗaliba ta kawo amsar da ba ta cikin littafi, sai na tambaye ta inda ta gani kafin in buɗe bakin gyara. Dabarar ta rage min jin kunya sosai. Abin takaicin dai, da karatun 'yar wani aka biya min kuɗin koyon wannan dabarar.