Rasuwar Bangon Zauren Sammani Masassaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, Sammani masassaƙi na Wagini yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk gidan da ake daka a turmin da ya sassaƙa tun daga Batsari har Safana, rasuwar bangon gabas na zaurensa. Marigayin ya cika ranar Talata bayan la'asar, ana tsakiyar marka, yana da shekara talatin da shida. Mahaifin Sammani ne ya gina shi da jar ƙasar kududdufin bayan gari, a shekarar da Nasara suka shiga Katsina.

Bango ne mai riƙon amana. Maratayi goma sha ɗaya ne a jikinsa, kowanne da abin da yake ɗauke da shi. Babban gizago yana dama, daidai kafaɗa, ƙanensa na ƙasa da shi kaɗan. Gatari yana hagu, dutsen washi yana cikin alkuki. Zarto kuwa a kan ƙusar ƙarfe yake, ita ce kaɗai abin da Sammani ya dawo da shi gida bayan ya kwana ashirin a aikin tilas na hanyar mota. Marigayin bai taɓa ɓatar da abin da aka ba shi ajiya ba. Ba shi da surutu. In an mayar masa da gizago ya ce ƙwas, in iska ta shigo ƙarafunan jikinsa su ɗan gaisa da juna, shi ke nan.

Amma babban halinsa shi ne rufin asiri. Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe wa Sammani gani, har ya zama ba ya bambanta mutum da turmi sai an yi magana. Bai gaya wa kowa ba, don ya san garinsu: babu mai ba makaho icce da gizago. Bangon ne ya zame masa ido. Taku bakwai daga bakin ƙofa, ya miƙa hannu, abin da yake nema ya faɗo masa a tafi. Sauran aikin kuwa yatsunsa sun haddace shi tun yana saurayi. Masu kawo aiki suka riƙa cewa Sammani ya yi girman kai, ba ya ɗago ido ya dubi mutum. Ya gwammace a ce masa haka sau dubu.

Ciwon ajalin marigayin rashin yaɓe ne. Kafin a yaɓe bango sai an zare maratayai, magini kuma inda ya ga dama nan yake mayar da su, in ko suka goce da faɗin yatsa biyu, Sammani ya ɓata a cikin zaurensa. Don haka damina uku ta wuce a kan marigayin babu ko dunƙulen laka. Matarsa Uwani ta ce, "Maigida, bangon nan ya tsage ta baya, har ƙadangare ya tare a ciki." Ya ce ba a taɓa masa bango. Maƙwabcinsa Mati magini ya zo har sau biyu zai yaɓe masa saboda Allah, ya kore shi da baƙar magana, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Kada a ɗora wa ruwan sama laifi. Sammani ne ya kashe bangon nan da tsoronsa, ya kuma sani, wannan ne yake cin ransa fiye da komai.

Yana cikin gida yana cin dafaffen wake sai ya ji marigayin ya yi wani dogon nishi, sannan rugum. Da ruwa ya tsagaita, maƙwabta suka zo da fatanya suka tono kayan daga cikin laka, suka wanke, suka tara su wuri guda a kan tabarma. Alheri suka yi nufi. Mati ya ce, "Ga babban gizagonka nan gabanka, ɗauki ka duba ko bakinsa ya yi giɓi." Sammani ya durƙusa ya miƙa hannu, ya dafa tabarma. Ya lalubi dama, ya lalubi hagu, ya damƙi bakin gatari. Jini ya zubo masa har gwiwar hannu, mutum tara suna tsaye suna kallo. Washegari da hantsi Mamman na Tsaskiya ya zo da jakinsa ya ɗauke guntun ƙiryar da ya kawo a yi masa turmi, yana ta ba da haƙuri.

Marigayin ya bar gizago biyu, da gatari, da zarto, da sauran marayu tsibi guda da ba su san wurin kwanansu ba. Ya bar akushi uku da ba a gama ba. Ya bar Sammani da hannu a ɗaure.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mati ne zai ja gaba, a kwashe gawar a kwanduna a mayar da ita kududdufi. Ba za a tada wani bangon ba. Masu icce a zauren su zo su ɗauki abinsu, babu jin kunya a ciki. Sammani zai zauna karɓar gaisuwa kwana uku a ƙofar gidansa, yana kuma roƙon duk wanda ya zo, ko ɗan'uwa ne na jini, ya faɗi sunansa bayan sallama.