Yadda Ake Ɗiga wa 'Yar Shekara Biyu Maganin Ido Ba Tare da Girma Ya Faɗi Ba

Kai da likita ya miƙa wa 'yar kwalba ya ce ɗigo ɗaya sau huɗu a rana, kamar mai cewa ka sha ruwa, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, magani zai shiga ido, wannan tabbas ne. Idon wa, wannan kuma za mu zo kansa.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa, don haka za mu riƙa leƙa gidan wani mai gyaran waya da 'yan layinsu ke kira Injiniya. 'Yarsa ɗaya, shekararta biyu da rabi, ana ce mata Manaja domin ita ke yanke lokacin da kowa zai tashi daga barci. Idonta na hagu ya yi ja wur, kullum ta farka kwantsa ta liƙe shi. Likita ya ce ciwon ya fara taɓa baƙin idon, in aka yi wasa da magani zai bar tabon da zai rage mata gani, kuma a dawo da ita ran kwana na uku. Uwarta malamar makaranta ce, an tura ta kwas a wani gari. Gida ya rage daga Injiniya sai mahaifiyarsa, wato Kaka, sai ita Manaja.

Mataki na 1: Raina aikin

Kada ka kuskura ka saurari bayani, kai magidanci ne. Da nas ta fara nuna wa Injiniya yadda ake riƙe yaro, hannu ya ɗaga mata.

"Sista, ni da nake ɗaure notin da bai kai ƙwayar yashi ba? Hannun nan bai san rawa ba."

Nas ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta kira na gaba.

Mataki na 2: Shirya wurin aiki

Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ɗauko fitilar aikinka ka ɗaura a goshi, ka maƙala madubin ƙara girma a ido, ka wanke hannu har gwiwa. Daga nan ka kira yarinya da murya mai daɗi.

Manaja ta leƙo daga ƙofa, ta ga abu mai ido uku yana kiran sunanta, ta shige ƙarƙashin gado. Mai hankali yakan auna tsakanin gado da ƙasa, ya auna tumbinsa, tun kafin ya sayi gadon. Injiniya bai yi hakan ba, ya bi ta ya maƙale, sai da Kaka ta jawo shi ta ƙafa.

Mataki na 3: Ba da cin hanci

Ka biya kafin aiki, domin a san kai mutum ne mai amana. Injiniya ya ba da biskit biyu, Manaja ta fito ta cinye, ta ce a ƙara, aka ƙara. Ta hau cinyarsa ta kwanta lafiya lau, sannan ta runtse ido ta yadda ko sukudireba ba za ta buɗe shi ba.

Ɗiga duk da haka. Na farko zai sauka a goshi, na biyu a kunne, na uku a wandonka. Kada ka ɗauke su asara, goshi maƙwabcin ido ne, kuma maƙwabci yana da haƙƙi.

Mataki na 4: Gwada a kanka

Ƙa'idar Injiniya ce a shago, ba ya miƙa wa mutum caja ko batir sai ya gwada a wayarsa mai kaya yana kallo. Sai ya ɗaga kai, ya ɗiga a nasa idon.

"Kin gani? Babu zafi ko kaɗan," ya ce, hawaye na bin kumatunsa.

Manaja ta yi tafi. "Baba, kuma!"

Ya kuma. Ta nuna ɗayan idon, ya ɗiga. Ta kawo 'yar tsanarta, aka ɗiga mata. Ta nuna Kaka, wadda ke zaune tana gyaran carbi ba ta taɓa kowa ba.

"Ni me na yi muku?" in ji Kaka.

"Inna, ki daure, dabara ce."

Kafin yammacin kwana na biyu abin ya zama wasan da Manaja ta fi so a duniya, da kanta take ɗauko kwalbar ta raba layi. Injiniya ya samu ɗigo goma sha ɗaya, 'yar tsana shida, Kaka huɗu, har ta ce ta fara ganin kafar allura. Mai ciwon ce kaɗai ba ta samu ba, ita tana kula da tsari.

Mataki na 5: Amsa wayar uwar yarinya

Kada ka yi ƙarya, ba kyau. Zaɓi gaskiyar da za ta yi maka amfani.

"Baban Manaja, ana dai sa maganin ko?"

"Ana sawa sosai. Kwalbar ma ta kusa rabi."

"Alhamdu lillahi. Kunna bidiyo in ga idon."

"Kyamarar wayata ta samu matsala."

Ta ce to, irin "to" ɗin matar da ta san sana'ar mijinta. Kaka ta ja tsaki daga tsakar gida, Injiniya ya ce kaza ce.

Mataki na 6: Koma wurin likita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya ɗaga kwalba ya ga ta yi nisa, ya haska idon Manaja, sannan ya juyo ya daɗe yana kallon idanun Injiniya, farare tas kamar na jariri.

"Malam, wa ake ɗiga wa?"

A nan ka dubi takalminka, kada ka yi dogon bayani. Likita ya jawo Injiniya kusa, ya nuna masa wani ɗan fari a gefen baƙin idon, wanda shekaranjiya babu shi.

"Ka ba ciwon nan kwana biyu kyauta. Ba ni da wasu biyun da zan ƙara maka."

Injiniya ya ji tsoron da bai taɓa jin irinsa ba. Aka ba shi sabuwar kwalba, kwana bakwai daga farko, aka mayar da shi wurin nas ɗin nan dai. Wannan karon hannuwansa na bayansa. Ta ce ya naɗe yarinya da tawul har hannuwa, ya kwantar da ita, ya tallafe kanta. In ta runtse ido, ya ɗiga a kusurwar da ke wajen hanci ya jira, da ta buɗe magani zai gangara ciki da kansa.

"Za ta yi kuka?"

"Za ta yi. Ban taɓa ganin wanda kuka ya makantar ba."

Mataki na 7: Ɗiga

Da suka dawo gida Kaka ta ɗauki tabarmarta ta fita waje, ta ce ita ba za ta iya gani ba. Manaja ta ga kwalba ta rugo da murna, tana nuna idon ubanta. Ya ɗauke ta, ya naɗe ta da tawul, ya kwantar da ita a cinyarsa ya riƙe kan.

Sai a lokacin ta gane. Ta sandare, ta runtse ido, ta tsala ihu, tana kiran mutumin da ya saba ƙwato ta daga wanka da kitso da karen maƙwabta.

"Baba! Baba, zo! Baba!"

Hannun da bai san rawa ba ya kama rawa, sai da ya dafa shi a goshinta. Ɗigon ya sauka a kusurwar ido ya tsaya, kamar yadda nas ta faɗa. Yarinya ta ƙi buɗewa, tana ta kiran ya zo.

"Ga ni nan," ya ce.

Da ta ji muryarsa ta buɗe ido don ta neme shi, maganin ya shiga.

Maimaita sau huɗu a rana. Sau ashirin da takwas Injiniya ya naɗe ta, sau ashirin da takwas ta kira shi ya zo ya cece ta, kuma duk lokacin da ya ce ga ni nan sai ta buɗe. Ran kwana na bakwai likita ya haska ya haska, bai sami farin nan ba.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba likita ba ne, ba nas ba ne, kuma ba za a same shi a gida ba in an zo nemansa. Babu ruwansa da cizo, yagewar riga, ƙarewar biskit, ko abin da uwar yarinya za ta faɗa ranar da Kaka ta ba ta labari. Haka nan babu ruwansa da abin da zai tokare maka ƙirji in ka gane dabarar tana aiki ne kawai saboda yarinyar ta yarda da kai. Injiniya ya kawo wannan ƙorafin, an duba takardar da ke cikin kwalin maganin gaba da baya, babu inda aka rubuta shi.