Baƙina na Kasuwar Sabon Gari

Ni da na karanta kimiyyar halittu, na fi kowa sanin cewa da sukarin jini ƙwaƙwalwa take aiki. Amma da rigar ankon bikin ƙawata ta ƙi shigata, sai na yi sallama da tuwo da shinkafa da burodi, har ina tausaya wa masu ci.

Ranar da muka shiga Kasuwar Sabon Gari da Goggo neman takalmi, sai na ji hayaniya ta yi nisa, kamar daga ƙasan rijiya. Sanyi ya kama ƙafafuna. Mutum-mutumin da ake sa wa tufafi a ƙofar shaguna suka fara juyowa suna kallona, alhali ba su da idanu.

"Goggo, kirana suke yi," na ce, na sulale ƙasa.

"Innalillahi! Sun shige ta!"

Aka kwashe ni zuwa gidanmu a Fagge, aka kira Malam. Ya yi tofi a dabino ya ba ni. Zaƙin na sauka, duniya ta dawo daidai. Kaina a ƙasa na faɗi gaskiya: yunwa ce.

Har yau in na ce na ƙoshi, sai Goggo ta turo mini kwano: "Ƙara, 'yar nan, kada baƙinki su dawo."