Rasuwar Kulocin Motar Inna Mai-Ɗinki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ga kowa ba, Inna Mai-Ɗinki tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, har da masu zaman dariya a bakin layi, rasuwar kulocin motar gidansu. Ya cika ranar Talata da hantsi a harabar asibitin ƙashi, bayan doguwar jinya, yana da shekara ashirin da uku a bakin aiki.

Marigayin ya yi shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin ƙafar hagun maigidan, tsohon direban motar ma'aikata, mutumin da yake tayar da mota fasinja bai sani ba sai ya ga bishiyoyi suna wucewa. Duk tsawon wannan zama ba wanda ya taɓa jin muryar marigayin. Sai bara, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama maigida, ya ɗauke masa ƙafa da hannun hagu, ya bar masa magana tana fita da ƙyar. Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashi sau uku a mako. Babban ɗansu yana aiki a wani gari mai nisa. Ƙanin maigida ya kai shi na mako biyu, daga nan uzuri ya yi masa yawa. Ranar da aka rasa zuwa na huɗu a jere, Inna ta lulluɓe keken ɗinkinta, ta ɗauko makullin motar daga kan ƙusa. Shekarunta hamsin da tara, ba ta taɓa zama a bayan sitiyari ba.

Daga wannan rana rayuwar marigayin ta sauya. Ta tallabo mijinta ta zaunar da shi a gefenta, shi kuma ya nuna mata abubuwan takawa uku da sandarsa.

"Danne na hagu har ƙasa," in ji shi, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Sa lamba ɗaya. Ɗago a hankali. In kin ji muryar inji ta yi ƙasa, tsaya nan, ki ba ta totur kaɗan."

Inna ta yi shekara arba'in tana taka keke, ƙafarta ba ta san wani abu a hankali ba. Ta ɗauke ta gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle, marigayin ya ce "gyat!", inji ya mutu, hular maigida ta faɗa kan cinyarsa. Wannan ita ce kalmar farko da aka taɓa ji daga bakinsa, kuma a ranar kaɗai ya maimaita ta sau goma sha bakwai kafin a kai ƙarshen layi. Mai faci da ke kan kwana shi ya riƙa ƙirgawa da babbar murya, abokan hirarsa suna tafi.

Ana shaida wa jama'a cewa marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa riƙe ta a zuci ba. Ta sake shi da gaggawa ya ce "gyat", ta riƙe shi fiye da kima ya ce "ƙiii", ta mance da shi ta danna giya ya ce "garrr" har haƙoran maigida suka haɗu. Amma duk lokacin da ta murɗa makulli, yana nan a inda ta bar shi.

Ƙanin maigida ya zo har shago ya tsaya a ƙofa. "Matar yaya, ki koma kan kekenki tun ba ki ƙarasa mana yaya a kwata ba."

"Da ka ci gaba da zuwa, ai da ina kan keken," ta ce, ba ta ko ɗago daga yankan da take yi ba.

Babban ɗan ma ya bugo waya. "Inna, don Allah ki bari a sauya muku da mota mai sa wa kanta giya. Wannan wahalar ta mece ce?"

Abin da ta gani kuwa ba na faɗa a waya ba ne. A gida, maigida yana wuni bai ce uffan ba, ana juya shi, ana ba shi abinci a baki. A cikin motar nan kuwa shi ne malami. Yana faɗa, yana tsaki, yana dukan gaban mota da hannunsa mai lafiya, kuma kalmominsa suna fita sarai fiye da yadda suke fita a gaban likita. Motar da ke sa wa kanta giya ba ta da abin da za ta tambaye shi.

Inna ba ta musun cewa tana da hannu, ko a ce ƙafa, a cikin ciwon ajalin marigayin. Tsoro ya sa ta yi watanni tana tafiya da ƙafarta a kansa. Ciwon ya fara da ƙauri irin na yadin da aka mance da dutsen guga a kai. Daga baya inji ya riƙa ihu mota tana jan ciki. Bakanike ya duba ya girgiza kai, ya ce sai addu'a.

Abu ɗaya ya rage mata, hawan da ke ƙofar asibiti, inda maigadi yake tsayar da kowace mota a tsakiyar gangara. A nan motar take mutuwa ko ta zame baya, na baya su cika wuri da hon. Ranar Talatar nan motoci biyar ne a bayanta. Maigadi ya ɗaga ƙarfen da ke tare ƙofa. Ta ja birkin hannu, ta sa lamba ɗaya, ta ɗago ƙafa kaɗan-kaɗan har ta ji muryar inji ta sauka, gaban motar ya ɗan ɗaga. Ta tsaya a nan, ta ba ta totur, ta sauke birkin. Motar ta haye lami lafiya, marigayin bai ce komai ba. Maigida ya daɗe yana kallonta.

"Direba," ya ce.

Da aka fito daga gashi ta sa giya, inji ya amsa, mota ba ta motsa ba. Marigayin ya riga ya cika.

Ya rasu ya bar birki da totur, da giya biyar waɗanda uku daga cikinsu kaɗai Inna ta sani, da kuma ribas, wadda har yau ita da Inna ba sa ga-maciji da juna.

Za a ciro gawar ranar Alhamis da safe a garejin bakanike, bayan kasuwar katako. Inna ta hana a jefa ta cikin tarin ƙarafa, za a naɗe ta a sabon ƙyalle a kawo gida. Za a karɓi gaisuwa a shagon ɗinki bayan la'asar. Duk wanda zai zo ne don ya ce dama ya faɗa, an yafe masa zuwan, ya yi zamansa. Za a ɗora magajin marigayin ranar Juma'a, ya kama aiki Asabar da ƙarfe takwas. Ana kuma sanar da shi tun yanzu cewa matar mai faci da wata malamar makaranta da ke layin sun nemi a koya musu tuƙi, maigida ya ce su zo. Allah ya ba magajin juriya.