Yadda Za Ka Shafe Muryar Mamaci Har a Gode Maka

Kana da shago a Bodinga, da kwamfuta, da sukudireba guda? To ka gama. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, sunanka sai ya kai Shagari.

1. Tarbi mai kaya da fuskar likita

Ga Ladan, manomin albasa daga Mandera, ya shigo da faifan ajiya na kwamfuta, mai igiyar jonawa, naɗe a tsumma.

"Injiniya, igiyatai ta tsinke," in ji shi. "Karatun baba na ciki, Allah shi jiƙan shi, wanda munka kwaso daga kaset. Babu shi wani wuri."

Kada ka ce a sayo igiya. Ko mai rake zai iya faɗin haka. Girgiza kai, ka ja tsaki.

2. Fasa gidan faifan

Ɓalle robar, ka zaro faifan tsirara, ka jona shi kai tsaye a kwamfutarka. Ƙarar ɓallewar nan ita ce shaidar gwaninta.

3. Guji ilimi

Faifan nan da ƙaramin mudu yake auna kayansa, bait 512. Gidan da ka fasa kuwa dillali ne. Shi ke gaya wa kwamfuta cewa mudun 4096 ne, kuma da wannan awon aka rubuta inda kowane abu yake. Ka kori dillali, yanzu kwamfuta tana ƙirga da ƙaramin mudu, tana leƙa inda ba a ajiye komai ba.

Karatun yana nan lafiya lau. Da za ka mayar da faifan gidansa ka sa sabuwar igiya, da magana ta ƙare. Amma wa ka taɓa ji ya yi suna da sayen igiya?

4. Amsa wa kwamfuta

Za ta ce ba ta gane faifan ba, ko a share shi? Na'ura ce daga ƙasar waje, ta fi ka sani. Danna mata eh.

5. Yi kyauta

Har yanzu mai sani zai iya ceto karatun, kuma wannan haɗari ne gare ka. Maza cika faifan taf da finafinai, su danne abin da ke ƙasa. Ka ce wa Ladan bairos, cutar kwamfuta, shi ne ya cinye karatun, zafin Sakkwato ya ƙarasa.

Zai daɗe yana kallon faifan. "Ƙaddara ta," zai ce. "Allah shi saka, Injiniya, ka yi ƙoƙari." Karɓi addu'ar da hannu biyu.

Tsame hannu

Ni shawara na bayar, ban taɓa faifan kowa ba. Idan Ladan ya isa Mandera ya tarar mahaifiyarsa, Inna Safinatu, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta tara jikoki su ji muryar kakan da ba su taɓa gani ba, kada kowa ya neme ni. Shi zai san abin da zai kunna mata.