Waƙar Surukina da Kwanon Tuwo

Zamanin Turawa, da na ƙare ajin karatun manya a Wurno, malaminmu ya ba ni wani ɗan littafi na koyon tsara waƙa. A shafin farko anka ce ka rubuta abin da idonka ya gani, kada ka ji tsoron kowa. Ban ga amfanin buɗe sauran ba, ilimi ya riga ya samu.

Ranar sunan ɗan farina, a gidan surukaina a Marnona, na miƙe gaban dattawa na rera waƙata. Abin da idona ya gani kuwa surukina ne, da na leƙo shi a zaure yana faɗa da tuwon gero. Sunansa ma na sa a amshi.

Tsohon ya ce, "Yaro, mi niy yi maka?"

Na ce, "Baba, haka littafi ya ce."

Sai da kawuna ya yi ta zarya da goro kafin anka maido mini matata. Har yau in na nufo masu cin abinci, sai wani ya ce, "Ku rufe kwano, ga mai littafi nan tahe!"