Ranar Da Na Durƙusa Wa Farfesa

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Saratu a jami'a ba. 'Yata ce ta biyu. Ni manomi ne a wajen Malumfashi, karatuna a aji huɗu ya tsaya. Ita kuwa shekara uku tana digiri na biyu kan tsofaffin littattafan Yahudawa da na Kiristoci masu maganar ƙarshen duniya, irin su dabba mai ƙaho goma da ruwan wuta. Na taɓa tambayarta yaushe ne tashin duniyar, don in san ko in zuba taki. Ta ce ba haka karatun yake ba, wai wahalar da marubutan suka sha a zamaninsu suke bincike a kai. (Ban gane ba, amma na zuba takin.)

Ranar da malamai za su yi mata tambayoyin ƙarshe, waɗanda in ta faɗi shekara ukun sun tafi a banza, ta ce in zo. "Baba, zama kawai za ka yi a baya."

Na zauna. Turanci suke ta zubawa. Wani baƙon farfesa mai furfura ya riƙa buɗe littafinta, yana buga tebur, yana ɗaga murya. Saratu sai share gumi take yi. To, a garinmu in dattijo ya titsiye yarinya haka, ubanta ne ke tashi. Na miƙe, na cire hula, na je gabansa na zube.

"Ranka ya daɗe, ni na haife ta. In ta taɓa annabawa, a yi haƙuri, ƙuruciya ce. Ni zan ja mata kunne."

Saratu ta rufe fuska da gyale. Wani malami ya sunkuyo ya raɗa mini, "Baba, yabonta yake yi. Cewa yake babi na uku ya isa a buga shi."

Na so tashi, gwiwa ta ƙi. Farfesan da kansa ya ɗago ni, yana dariya har da hawaye.

Ta ci jarrabawar. A mota ba ta ce mini uffan ba har muka wuce Funtua. Sai a Bakori ta miƙo mini gasasshiyar masara, tana kallon taga.

Ashe 'yan boko ko yabo za su yi sai sun yi kamar faɗa. Yanzu kafin in ba da haƙuri, sai na tambayi na kusa da ni ko an yi laifi tukuna.